Matar Sarki a Daular Habasha: Rayuwar Itege Taitu

Duk ɗalibin da ya karanta rayuwar ƙudan zuma ya san cewa sunan da aka laƙaba wa sarauniyarsu ya fi ƙarfin aikinta. Ba ta ba da umarni, ba ta raba abinci, ba ta fita yaƙi. Aikinta guda ne, wato saka ƙwai, wanda a lokacin yalwar furanni yakan kai 1,500 ko fiye a rana. Mutane da dama haka suke ɗaukar matar sarki a daulolin Afirka na da, wai mace ce da aka killace a cikin gida don ta haifi magaji, shi ke nan. Tarihin Taitu Betul, matar Sarki Minilik na Biyu na ƙasar Habasha, ya saɓa wa wannan zato. Ba ta haifa wa mijinta ko ɗa guda ba, amma ta yi shekara 27 tana cikin masu juya al'amuran ƙasar, sa'an nan ta rasa kome cikin 'yan kwanaki. Abin da ya ɗaga ta da abin da ya kayar da ita duk abubuwa ne da ɗalibin kimiyya zai gane, domin ba su wuce ruwa da hatsi da cutar shanu da jijiyar jini guda a cikin kan mutum ɗaya ba.

Tun da farko ya kamata a rarrabe kalmomi, don kalmar "sarauniya" ta haɗa mata iri uku. Akwai wadda ita ce ke kan gadon mulki, kamar yadda ake ba da labarin Daurama. Akwai mahaifiyar sarki, wadda a Kano ake kira Mai Babban Ɗaki, a tsohuwar daular Barno kuwa Magira. Sai kuma uwargidan sarki, wadda Barebari ke kira Gumsu. Ta farko ikonta nata ne. Ta biyu kuwa babu mai iya raba ta da ɗanta. Ta uku ita ce mai zaman ɗar-ɗar, domin darajarta a jikin wani take rataye. A Habasha ana kiran wannan ta uku Itege, kuma ba kowace matar sarki ke samun sunan ba, sai wadda aka ɗora wa kambi a coci.

An haifi Taitu wajen shekarar 1851 a gidan sarautar Simen da ke arewacin ƙasar. Mahaifinta, Ras Betul, ɗan'uwa ne ga Wube, wanda ya taɓa mallakar Simen da Tigre. Ta iya karatu da rubutu da Amharik, ta kuma san Ge'ez, harshen littattafan cocin Habasha, abin da ba kasafai ake samu ba wajen matan zamaninta, ko da 'ya'yan sarakuna ne. Ta yi aure har sau huɗu kafin Minilik, kuma wannan ba abin kunya ba ne a tsakanin masu sarautar ƙasar, inda ake ƙulla aure a kwance shi gwargwadon yadda siyasa ta juya. A 1883 ta auri Minilik, lokacin yana sarkin lardin Shawa kawai. Aurensu irin na coci ne wanda ba a saki a cikinsa. Amfanin auren a bayyane yake ga kowane ɓangare: shi mutumin kudu ne mai neman goyon bayan manyan gidajen arewa, ita kuwa tana neman kujerar da za ta dawo wa gidansu da martaba. Da Sarki Yohanis na Huɗu ya mutu a yaƙinsa da Ansaru na Sudan a Matamma cikin Maris 1889, sai Minilik ya zama Sarkin Sarakuna. Aka naɗa shi ranar 3 ga Nuwamba, bayan kwana biyu aka ɗora wa Taitu nata kambin.

Gida a cikin gida

Itege ba 'yar zaman ɗaki ba ce mai jiran a ba ta kuɗin cefane. Tana da filaye a larduna daban-daban waɗanda manomansu ke biya mata haraji da hatsi da zuma da man shanu da gishiri. Tana da hatiminta, da magatakardanta, da wakilanta, da dakarunta masu cin abincinta su karɓi umarninta. Wasiƙunta zuwa ga hakimai da jakadun ƙasashen waje suna fita da sunanta.

Amma inda ƙarfinta ya fi zama shi ne madafa, kuma bai kamata mai karatu ya raina wannan ba. A Habasha ta wancan zamani ba a biyan yawancin soja albashin wata. Abin da ke ɗaure bara da ubangidansa shi ne ƙasa da kyauta da ciyarwa. Sarki kan yi walimar da ake kira gibir a ranakun Lahadi da na bukukuwa, inda dubban mutane ke shiga rukuni-rukuni, manya da farko, ƙananan dakaru daga baya, kowa ya ci ya ƙoshi. Sarkin da ya kasa wannan, ba da jimawa ba zai waiga ya ga babu kowa a bayansa. Abincin kuwa ba ya haɗuwa a yini guda. Injera, wadda ta yi kama da sinasir amma ta fi shi faɗi ƙwarai, ana yin ta ne da wani ɗan ƙanƙanen hatsi mai suna tef. Sunansa na kimiyya Eragrostis tef, wato dangin ciyawar nan ce ta burburwa da ke fitowa a saurukan ƙasar Hausa. Ana dama garin a bar ƙullun kwana biyu zuwa uku, yis da bakteriya su ci sitacin da ke ciki su fitar da tsami da iska, iskar nan ce ke haifar da ƙananan ramukan da ke fuskar injera idan an zuba ta a faffaɗan kaskon yumɓu. Giyar zuma da suke kira taj takan ɗauki makonni kafin ta tsima. Saboda haka wanda zai ciyar da dubbai ranar Lahadi sai ya fara lissafi tun makonni kafin ranar: buhu nawa za a niƙa, tulu nawa za a jiƙa, itace nawa, shanu nawa. Ɗaruruwan mata, da yawansu bayi, su ke wannan aiki, kuma Taitu ke sa ido a kansu. Wadda ke riƙe da mabuɗin rumbu ta san wanda aka fifita a wurin zama, da wanda aka aika wa ƙwarya ta musamman, da wanda aka manta da shi da gangan.

Ko birnin Addis Ababa ma asalinsa maganar jin daɗin jiki ce. Sansanin Minilik yana kan dutsen Intoto, wajen mita 3,000 daga saman teku. Wurin yana da kyau wajen tsaro, amma ga sanyi ga iska ga ƙarancin ruwa da itace. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, don haka gangarowar mita 600 zuwa 700 na nufin ƙarin ɗumi na wajen digiri 4. A gindin dutsen akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi da Amhara ke kira Filwoha, Oromo mazauna wurin na asali kuwa Finfinne. Ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagogin duwatsu ya isa inda ƙasa ke da zafi ya dawo sama, domin wurin yana gefen babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka. A 1886 Taitu ta sa aka gina mata gida kusa da ruwan, ita ce kuma ta raɗa wa wurin suna, ma'anarsa "Sabon Fure". Hakimai suka bi ta suka yanki filaye, Oromo da ke noma da kiwo a nan suka rasa ƙasarsu, wannan kuwa miki ne da har yau bai warke ba a siyasar Habasha. Garin ya kusa tashi saboda an sare dazuzzukan da ke kewaye, har Minilik ya fara gina wani a Addis Alem wajen 1900. Bishiyar turare da aka kawo irinta wajen 1894 zuwa 1895, wadda asalinta Ostareliya ne, ita ta cece shi, saboda saurin girmanta da kuma yadda take sake tohowa daga kututture in an sare ta.

Shekarun bushiya

Kambin Taitu ya zo a mummunan lokaci. A 1887 shanun da Italiyawa suka shigo da su ta tashar jirgin ruwa ta Masawa sun zo da cutar bushiya. Ƙwayar bairus ce ke haddasa ta, 'yar'uwar wadda ke kawo ƙyanda ga yara. Saniya takan fara da zazzaɓi da zubar hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, sai zawo mai tsanani, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta mutu. Da yake shanun Afirka kudu da Sahara ba su saba da ita ba, jikinsu ba shi da garkuwa, aka ƙiyasta cewa wajen tara cikin goma sun halaka a Habasha. Annobar ta ratso Sudan da Chadi ta iso ƙasar Hausa wajen 1890, ta bar Fulani da yawa da sanda kawai a hannu. Sai a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da cutar daga doron ƙasa.

A tsaunukan Habasha abin ya fi muni, domin manomin can da garmar shanu yake huɗa. Mutuwar sa ɗaya mutuwar gona ce. Ga fari ya biyo baya, ga fara, ga tsutsa mai cinye shuka, daga baya kwalara ta shiga cikin mutanen da yunwa ta riga ta raunana. Daga 1888 zuwa 1892 masana tarihi na ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar sun mutu. Habashawa na kiran lokacin Kifu Ƙan, wato munanan kwanaki. Fada ta buɗe rumbunanta, mayunwata suka yi ta kwarara zuwa Intoto, Minilik da kansa ya fita gona da fartanya don ya nuna wa jama'a cewa noman hannu ba ƙasƙanci ba ne. Bai dace a ƙawata labarin ba: abin da aka raba bai kai ko kusa da bukata ba, kuma wani ɓangare na shanu da hatsin da suka riƙe fadar daga hare-haren da aka kai wa al'ummomin kudu aka samo su. Sai dai daular da ta fito daga wannan masifa ita ce, bayan shekara huɗu kacal, ta iya ciyar da rundunar mutum kusan 100,000 a kan doguwar tafiya.

Ƙishirwa a Makale

Rigimar da Italiya ta samo asali ne daga yarjejeniyar Wucale ta 2 ga Mayu 1889. Sashe na 17 na rubutun Amharik ya ce Sarkin Habasha yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen Turai in ya ga dama. Rubutun Italiyanci kuwa ya mayar da abin tilas, wato ƙasar ta shiga ƙarƙashin kariyarsu ke nan. Minilik mutum ne mai son lallashi da jan lokaci. Taitu ce ta tsaya kai da fata a tattaunawar da aka yi da jakadan Italiya, Antonelli, har ta watse a Fabrairu 1891. Wasu masana na ganin rabon aiki ne tsakanin miji da mata: shi ya ce "to" ya riƙe abota, ita ta ce "a'a" ta ɗauki baƙin jini. Ko da gangan ne ko hali ne, dabarar ta yi amfani. A 1893 Minilik ya soke yarjejeniyar.

Da yaƙi ya tashi a ƙarshen 1895, Taitu ta fita da rundunarta ta kanta, wadda ake ƙiyasta tsakanin mutum 3,000 da 5,000. A Janairu 1896 sojan Italiya fiye da 1,000 a ƙarƙashin Manjo Galliano suka ƙulle kansu a wata ganuwa a kan tudu a Makale, da igwa. Habashawa suka yi ta kai hari da gaba, aka yi ta kashe su. Ganuwar tana da rauni ɗaya: idanun ruwan da take sha suna waje. Marubucin tarihin fadar, Gabra Sillase, ya danganta shawarar kama su ga Taitu, kuma mutanenta, wajen 900, su aka tura suka tsare wurin dare da rana, tana aika musu da abinci da abin sha.

Lissafin mai sauƙi ne. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikin babban mutum ruwa ne, kuma yakan rasa lita 2 zuwa 2 da rabi kowace rana ta fitsari da gumi da numfashi, ko da yana zaune. Mutum kan jure yunwa makonni, amma ba ya wuce 'yan kwanaki babu ruwa: jini ya yi kauri, ƙoda ta rage aiki, hankali ya fara gushewa. Janairu kuwa tsakiyar rani ne a Tigre, ga alfadarai da ke shan ninkin abin da mutum ke sha. Ruwan da suka tara ya yi ta raguwa duk da rabon awo, bayan kimanin mako biyu aka yi sulhu, aka bar su suka fita da makamansu. Ranar 1 ga Maris 1896 aka gwabza a Adwa, inda aka ragargaza rundunar Janar Baratieri. A ranar ma Taitu maganar ruwa ta riƙe: ta tara dubban mata na sansani da tuluna suna kai wa mayaƙa, suna kuma jinyar masu rauni. A Oktoba na shekarar Italiya ta amince da 'yancin Habasha.

Rashin ɗa

Bayan Adwa babu macen da ta kai ta a ƙasar. Ta gina coci-coci, ta aika da kuɗi aka yi wa Habashawa gini a birnin Ƙudus, ta kuma kafa otel na farko a Addis Ababa tsakanin 1905 da 1907. Amma matsalar gado tana nan. Minilik yana da 'ya'ya mata da ya haifa da wasu matan, Shawaragga da Zauditu, ɗansa namiji kuwa ya rasu yana yaro. Rashin haihuwa abu ne da ya zama ruwan dare a kowane zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida kan gamu da shi a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. Ga talaka baƙin ciki ne na cikin gida. Ga matar sarki kuwa yana nufin ba za ta taɓa hawa matsayin mahaifiyar sarki ba, wanda shi kaɗai ne mafakar da ba ta rushewa da mutuwar miji.

Sai ta koma ga 'ya'yan ɗan'uwanta, Ras Wale. Ta aurar da 'yarsa ga Ras Mangasha na Tigre. A 1900 ta haɗa ɗansa Gugsa da Zauditu, 'yar Minilik. A 1909, lokacin da aka ayyana Iyasu, ɗan Shawaragga, a matsayin magaji, aka ɗaura masa aure da jikar Ras Wale, dukansu suna yara. Masanin halittu ba zai rasa tuna ƙa'idar da William Hamilton ya fitar a 1964 ba: ɗa na ɗauke da rabin ƙwayoyin gadon mahaifiyarsa, ɗan ɗan'uwa kuwa rubu'i, don haka taimakon dangi wata hanya ce ta wanzar da jini, kuma da ita ake bayyana dalilin da ya sa ma'aikatan zuma ke renon ƙannensu su bar haihuwa. Kwatancen na da daɗi, amma a yi hattara da shi. Taitu ba ƙwayoyin gado take ƙirgawa ba, larduna da bindigogi take ƙirgawa, kuma dangi su ne mutanen da take ganin ba za su sayar da ita ba. Kowane aure da kowane muƙami da ta sama wa nata ƙarin abokin gaba ne a cikin hakiman Shawa, waɗanda ke kallonta a matsayin baƙuwa 'yar arewa.

A 1906 Minilik ya sami bugun jini na farko, mai sauƙi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ma'ajiya. In jijiyar da ke kai mata jini ta toshe ko ta fashe, ƙwayoyin halittar wannan yanki kan fara mutuwa cikin mintoci, kuma ba a maye gurbinsu. Abin da yankin ke kula da shi, motsin hannu ne ko magana, shi ke tafiya. Minilik ya gane abin da ke tafe, ya kafa majalisar ministoci a 1907, daga baya kuma ya naɗa Ras Tasamma ya zama waliyyin Iyasu. Ciwon ya sake dawowa a 1908, sa'an nan a ƙarshen Oktoba 1909 ya buge shi bugun da ya raba shi da magana da motsi.

Daga nan sarki yana raye amma ba ya mulki, kuma hanyar zuwa ɗakinsa ta hannun mai jinyarsa take bi. Taitu ta riƙa naɗawa da saukewa da sunansa. A zahiri wannan ne ƙololuwar ikonta, a haƙiƙa kuwa tushen ya riga ya zube. A da, in ta ba da umarni, kowa ya san akwai mai tabbatar da shi ko ya soke. Yanzu babu wanda zai iya shaida cewa nufin sarki ne. Cikin Maris 1910 hakiman Shawa da shugabannin soja suka haɗa kai, suka tura mata saƙo ta bakin shugaban coci, Abuna Matewos, cewa ta tsaya ga jinyar mijinta ta bar harkar mulki. Aka soke yawancin naɗe-naɗenta. Ras Wale, wanda take dogaro da rundunarsa, ya miƙa wuya kafin shekarar ta ƙare, aka tsare shi. Ba a yi yaƙin da ake tsoro ba.

Ta ci gaba da jinyar Minilik har ya rasu a Disamba 1913. Aka ɓoye labarin mutuwarsa, ita kuwa aka mayar da ita tsohuwar fadar Intoto, kan dutsen nan mai sanyi da ta gudo daga gare shi shekara 27 da suka wuce. A 1916 aka tumɓuke Iyasu aka ɗora Zauditu, abin da Taitu ta daɗe tana fata, amma hakimai suka gindaya sharaɗin raba sabuwar sarauniyar da mijinta Gugsa, don kada gidan Betul ya dawo ta bayan gida. A 1917 ta nemi izinin komawa Gondar ta ƙarasa kwanakinta a cikin danginta, aka hana ta. Ta rasu a Intoto ranar 11 ga Fabrairu 1918. Kabarinta yana cocin Ba'ata Maryam a Addis Ababa, kusa da na Minilik da na Zauditu.